Kafin a ɗauko maganin feshi, a dubi bakin tsutsar da jelarta

Daga wakilinmu a Kwatano

Duk wanda ya taɓa yin damina a Kwatano ya san yadda kwatoci ke zama daga watan Afrilu zuwa Yuli. Garin yana zaune ne a kan rairayi tsakanin teku da tafkin Nokoué, ƙasar kuma ba ta da gangare, saboda haka ruwan da ya sauka a Placodji da Zongo ba ya gaggawar tafiya. Sai ya haɗu da ruwan wanke-wanke da na masu abinci da ɓawon albasa, ya kwana biyu ya yi baƙi ƙirin. A irin wannan ruwa ne ake ganin wata tsutsa mai kauri, mai launin toka, tana jan doguwar jela siririya kamar ta ɓera. Tambayar da masu saurare suka fi yi mana a gidan rediyo game da ita guda ɗaya ce: wane magani za a zuba?

Ita wannan tsutsa tana da 'yan uwa biyu da ɗan kasuwa ke haɗuwa da su ba tare da ya san danginsu ɗaya ba. Ɗaya tana cikin ruɓaɓɓiyar albasa a ƙasan buhu, ɗaya kuma tana bayan ganyen kabeji da wake. Iyayensu duka ƙudaje ne na gida ɗaya, wanda masana ke kira Syrphidae, mu kuma a nan za mu kira shi ƙudan shawagi. Abin da kowace ke ci daban ne, kuma ginin jikinta shi ke nuna abincin. Wanda ya iya karanta wannan gini zai san wadda ke ba shi labarin ƙazanta, da wadda ke ba shi labarin asara, da kuma wadda ke yi masa aiki kyauta yana kashe ta da kuɗinsa.

Uwar dai mai karatu ya santa, ko da bai san sunanta ba. Ita ce ƙudan nan mai ratsin ɗorawa da baƙi da kan tsaya cak a iska a saman fure ko tiren mangwaro, kamar an rataye shi da zare, sannan ya fizga gefe ya sake tsayawa. Da yawa na ɗaukar sa ƙudan zuma ne ko rina, su ja da baya. To rigar aro ce kawai. Ƙudan zuma fukafukansa huɗu ne, wannan nasa biyu. Idanunsa manya ne sun kusa cinye kan, ƙahonninsa gajeru, kuma ba shi da ƙari ko kaɗan, ba ya harbi ba ya cizo. Abincinsa ruwan fure da garin fure. Masana sun ƙidaya iri kimanin 6,000 a duniya, kusan 600 daga ciki a Afirka kudu da Sahara.

Akwai abin da tsutsotsin gidan nan duka suka yi tarayya a kai. Ba su da ƙafafu na gaskiya, ba su da ƙoƙon kai mai tauri irin na tsutsar malam-buɗe-littafi, ba su da idanu. Ɓangaren da ya tsuke shi ne kai, a nan baki yake. Ɓangaren baya kuwa a nan hanci yake, domin ta baya suke numfashi. Idan mai karatu ya dubi tsutsar ƙudan gida da kyau zai ga ɗigo biyu a bayanta, waɗanda yara kan ce idanu ne, alhali ƙofofin iska ne. A tsutsar ƙudan shawagi waɗannan ƙofofi biyu sun manne sun zama bututu ɗaya. Wannan bututu shi ne tambarin gidan. Ga wata gajere ne kamar tsinin allura, ga wata kuma ya zarce jikin nesa. Kowace tana yin saɓa sau biyu kamar maciji, sannan fatarta ta ƙarshe ta bushe ta zama kwasfa, ta kwanta a ciki har ta fito ƙuda.

Mu fara da ta kwata. Jikinta bai wuce santimita 2 ba, amma abin da ake ce wa jela bututun numfashin nan ne, mai gaɓa uku da ke shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo. Idan ruwa ya ƙaru sai ta zaro shi, yakan kai santimita 15, idan ruwa ya ja baya ta mayar. A bakin bututun akwai 'yan gashi da ke bazuwa a saman ruwa su riƙe ƙofar a buɗe. Da wannan dabara take kwanciya cikin taɓon da babu iskar da kifi ko talibambam zai shaƙa, tana shan iskar sama abinta. Wani masanin ƙwari Bafaranshe, Réaumur, shi ya laƙaba mata sunan tsutsa mai jelar ɓera tun ƙarni na 18, sunan kuma ya bi ta har yau. A ƙarƙashin cikinta akwai 'yan dungu jere-jere masu ƙananan ƙugiyoyi da take rarrafe da su.

Bakinta ba na cizo ba ne. Tana zuƙo ruwan ƙazanta ne, ya bi ta wasu layuka a maƙogwaronta masu aiki kamar rariya, su tare ƙwayoyin bakteriya da ɓurɓushin ruɓaɓɓen abu, ta haɗiye su ta furzar da ruwan. Wato ba ita ta ɓata ruwan ba, ruwan ne ya ɓaci ta zo. Idan ta ƙoshi lokacin kwanciyarta ya yi, sai ta fito daga kwata tana neman busasshen wuri, a lokacin ne ake ganin ta tana ja a ƙofar shago ko tsakar gida, hankalin mutane ya tashi. Mai shago ya kwantar da hankalinsa: ba ta da bakin cin shinkafa, ko masara, ko atamfa. Tsintsiya ta ishe ta.

Inda ya kamata hankali ya tashi shi ne idan an gan ta a rijiya ko tankin ruwa. A Kwatano ruwa yana kusa da saman ƙasa, rijiya da masai kuma sau da yawa ba su da nisa da juna. Wannan tsutsa ba ta rayuwa a ruwa mai tsafta, domin babu abin da za ta tace. Ganinta a rijiya shaida ce cewa najasa ko wani mushe na shiga, kuma abin tsoro a nan amai da gudawa ne da taifot, ba ita ba. Likitoci sun rubuta labarin mutanen da suka sha gurɓataccen ruwa mai ƙwanta ko ƙananan tsutsotsinta suka fitar da ita a bayan gida, amma abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Zuba maganin ƙwari a irin wannan ruwa ƙara guba ne a kan ƙazanta. Rijiya yashewa take so da gano inda ƙazantar ke shigowa, kwata kuma buɗe mata hanya. Da ruwan ya gudu an raba ta da abinci, an kuma raba sauron nan mai kukan dare da wurin haihuwa, domin shi ma baƙin ruwa yake so.

Ta biyu ita ce ta shafi aljihun 'yan albasa. Albasar Galmi da Madawa kan bi ta Gaya ta tsallaka Malanville, daga nan ta yi tafiyar fiye da kilomita 700 ta Parakou kafin ta iso bakin teku. Daga watan Yulin 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, kaya suka riƙa tsallakawa ta kwale-kwale ko su zagaya ta Najeriya, kwanakin hanya da yawan sauke-lodi suka ƙaru. Kowane jifan buhu rauni ne a jikin albasa, raɓar Kwatano kuma ba ta yi wa mai rauni uzuri. A ruɓaɓɓen tari za a samu tsutsotsin ƙudaje iri-iri, amma akwai na gidan da muke magana, daga reshen da ake kira Eumerus. A Masar an san wani irinsa da ɓarna a rumbunan albasa, a Afirka kudu da Sahara kuma akwai wani mai yaɗuwa, Eumerus obliquus, da ke haihuwa a ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da kayan lambu.

Ita wannan ba ta kai santimita 1 sosai ba, launinta kamar na ƙasa-ƙasa, jikinta duk tamoji, a bayanta akwai ɗan gajeren bututu ja-ja mai tauri. Ba ta zama ita kaɗai, akan same su da yawa cikin dunƙule ɗaya. Bakinta ya haɗa biyu: tana da ƙugiyoyin karce naman albasar da ya yi laushi, tana kuma da rariyar tace yis da bakteriyar da ke cikin ruwan ruɓa. Lafiyayyar albasa mai busasshen wuya da ɓawo mai ƙarfi tana yi mata wuyar shiga. Ƙofarta rauni ne, ko wuyan da bai bushe ba, ko gindin da naman gwari ya fara ci. Amma da ta shiga sai ta faɗaɗa ruɓar, ruwan ya zubo wa na kusa.

Saboda haka mai yayyafa wa buhu magani ya makara, kuma ya sa guba a abin da mutane za su yanka ɗanye a kan tsire. Manoman Galmi da ke ajiye albasa a rudu, sama da ƙasa inda iska ke ratsawa, sun riga masana gane maganin. A zazzage buhu da ya sauka, a ware mai laushi, a ɗora sauran a kan katako, ruɓaɓɓiyar kuma a kai ta nesa a binne. Wanda ya zubar da ita a bayan rumfa ya buɗe wa ƙudan gidan haihuwa ke nan a kusa da jarinsa.

Ta uku ita muka fi so mai karatu ya sani, domin ita ake zalunta. Kafin mu zo kanta sai mun yi maganar abincinta, wato darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu laushi, kore ko baƙi ko toka, da ke cunkushewa a bayan ganyen kabeji, kuɓewa, kankana, wake da gyaɗa. Suna soka baki su tsotse ruwan ganye, ganyen ya nannaɗe, su kuma fitar da wani danƙo mai zaƙi da tururuwa ke bi, wanda daga baya yake yin baƙi kamar kunkunniya. Macen darɓa a ƙasashenmu ba ta jiran namiji, ba ta ma yin ƙwai, 'ya'ya take haifa da rai, kuma 'yar da aka haifa yau cikin mako guda ita ma ta fara haihuwa. Bayan tsotso suna ɗaukar cuta daga shuka zuwa shuka. Dattawan Kano da Katsina ba su manta da 1975 ba, shekarar da kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta halaka gonaki kimanin hekta 700,000 a Arewacin Najeriya, ta ƙara durƙusar da kasuwancin da ya gina dalar gyaɗa.

Uwar ƙudan shawagi tana bin ƙanshin danƙon nan ne. Ta samu garken darɓa, sai ta ajiye farin ƙwai ɗaya mai tsawon milimita 1 a gefensu, ta yi gaba. Ɗaya daga cikin irin da ake yawan samu a lambunan Afirka shi ne Ischiodon aegyptius. Cikin kwana biyu zuwa uku ƙwan ya fashe. Abin da ya fito makaho ne marar ƙafa, mai laushi kamar majina, kore ko ruwan ƙasa, fatarsa har ana hango abin ciki, wani lokaci sai ka rantse kashin tsuntsu ne a kan ganye. Idan ta girma takan kai santimita 1 ko ta ɗan ɗara. Tana manne bayanta a ganye, ta ɗaga gaba tana lalube hagu da dama kamar makaho da sandarsa. Da ta taɓa darɓa sai ta shafe ta da yawu mai danƙo, ta soke ta da bakinta mai tsini kamar kibiya, ta ɗaga ta sama yadda ƙafafunta ba za su kama komai ba, ta zuƙe ta tas, ta yar da fanko, ta nemi ta gaba. Cikin mako ɗaya zuwa biyu da take yi a matsayin tsutsa, guda ɗaya tana cinye darɓa ɗaruruwa. Ta fi farauta da dare, da rana ta ɓuya a lungun ganye, shi ya sa mai lambu bai cika ganin aikinta ba.

Wani abin mamaki, duk wannan ci da take yi ba ta bayan gida sai sau ɗaya, gab da za ta kwanta. Sai ta zubar da wani baƙin abu mai sheƙi kamar ɗigon kwalta a kan ganye. Mai lambun da ya ga wannan tabo, ya ga fankon darɓa a kusa, to ma'aikaciya ta gama aiki a nan.

Matsalar ita ce akwai wata koriyar tsutsa a kan kabeji wadda ita ce ɓarauniyar gaskiya, 'yar wani ƙaramin malam-buɗe-littafin dare da masana ke kira Plutella. Bambance su ba wuya. Ɓarauniyar tana da kai da ƙafafu, idan an taɓa ta sai ta yi wutsil-wutsil da baya ta sauko a kan zare, kuma tana barin huji a ganye. Ta ƙudan shawagi ba ta da kai bayyananne, tafiyarta a hankali, kuma ba za ta taɓa huda ganye ba domin ba ta da muƙamuƙin tauna. Ko yunwa za ta kashe ta ba ta cin ganye.

To me ke faruwa idan aka ɗauko injin feshi? Tsutsar nan ba ta da sulke, ita ke fara mutuwa. Darɓar da ta ɓuya cikin nannaɗaɗɗen ganye ta tsira, cikin mako guda ta cika wurin, alhali ƙudan yana buƙatar kusan mako uku daga ƙwai zuwa ƙwai kafin ya maido da rundunarsa. Mai lambu ya ga ƙwari sun dawo fiye da da, ya ce maganin jabu ne, ya sayi wanda ya fi ƙarfi, ya ƙara yawan feshi. Mu a ganinmu nan ne 'yan uwanmu masu sayar da maganin ƙwari a Seme da Malanville da Illela da Jibiya ke da haƙƙi a wuyansu. Mai kanti ya fi malamin gona kusa da manomi, kuma abin da ya miƙa shi ake fesawa. Tambaya ɗaya, "Malam, me ka gani a ganyen, huji ko danƙo?", ba za ta rage masa ciniki ba.

Ƙasar Benin ta ɗanɗana kuɗar wannan hanya. A daminar 1999 zuwa 2000 mutane da dama sun mutu a yankin Borgou sanadiyyar endosulfan, maganin auduga da ya bi ta abinci da mazubai ya shiga cikin gidaje, har gwamnati ta haramta shi a 2008. A 2009 masu bincike na cibiyar nazarin ƙwari ta Kwatano, CREC, sun wallafa sakamakon aikin da suka yi a lambunan birni, ciki har da na Houéyiho kusa da filin jirgin sama, inda suka nuna cewa yawan feshin kayan lambu na taimaka wa sauron maleriya ya saba da irin maganin da ake sa wa gidan sauro. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga waken Najeriya saboda yawan dichlorvos, sinadarin da ke cikin Sniper, da aka samu a jikinsa. Wannan ta faɗa kan 'yan kasuwa kai tsaye.

Ba kuma sabon abu ba ne a nan a bar ƙwaro ya yi maganin ƙwaro. Reshen cibiyar IITA da ke Abomey-Calavi, a bayan Kwatano kaɗan, ya yi suna ne a kan haka. Lokacin da wani farin ƙwaro daga Kudancin Amurka ya kusa gamawa da rogon Afirka, wani ɗan mitsitsin zanzaro aka kawo daga can aka fara saki a 1981, ya durƙusar da shi ba tare da feshi ba, aikin da ya sa Hans Herren ya samu kyautar abinci ta duniya a 1995. Shi ƙudan shawagi ma ba sai an kawo shi daga ko'ina ba, ɗan gida ne. A Turai kamfanoni na kiwonsa suna sayar wa masu lambun rumfar gilashi. A Kalifoniya ta Amurka masu noman latas ba da magani ba suna shuka layin furanni a tsakiyar gona musamman dominsa. Dalili shi ne uwar sai ta ci garin fure kafin ƙwanta ya nuna. Mai lambu a Houéyiho ko Seme ko bakin gulbin Maraɗi zai iya yin haka ba da ko sisi ba: ya bar 'yan tushen ɗoɗɗoya ko karas ko albasa su yi fure a gefen fage. Masu noman irin albasa da masu mangwaro su ma suna cin moriyarsa, domin yana cikin masu kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan.

Idan darɓa ta fi ƙarfin masu cinta, a fara da ruwan sabulu ko ruwan 'ya'yan darbejiya a kan fagen da ya kamu kaɗai, ba lambun duka ba. Su ma suna taɓa tsutsar, amma ba su yi mata kisan kare dangi. A kuma lura da tururuwa, domin ita ke gadin darɓa saboda danƙon da take lasa, tana kuma korar tsutsar ko ta kashe ta. Lokacin dubawa shi ne da sassafe ko bayan magariba da fitilar waya, a juya ganye goma ko ashirin a wurare daban-daban kafin a yanke shawara.

Su ma mata masu sayar da kabeji da latas a kasuwa sukan gamu da ita, ko da kwasfarta mai kama da ɗigon hawaye manne a bayan ganye, mai saye ya yamutsa fuska ya ajiye. Ganyen da aka same ta da rai a kansa ba a yi masa wanka da guba mai ƙarfi kwanan nan ba, da an yi da ba ta kai kasuwa ba. Ruwa da ɗan gishiri suna sauke ta.